Gee's Bend: Ƙauyen Amurka da matansa suka mayar da tsumma abin kallon duniya

Hanyar mota ɗaya ce tak ke shiga Gee's Bend. Duk wanda ya bi ta har ƙarshenta zai tarar da kansa a bakin ruwa, domin Kogin Alabama ya lanƙwasa ya zagaye garin ta ɓangare uku.

Gari ne da bai kai unguwa guda yawan jama'a ba. Ƙidayar da aka yi a Amurka a 2010 ta samu mutum 275 a cikinsa, kusan dukkansu baƙaƙen fata. A takardun gwamnati sunansa Boykin, sunan wani ɗan majalisar tarayya da aka laƙaba wa garin a 1949 lokacin da aka buɗe masa gidan waya. Amma mazauna wurin har gobe Gee's Bend suke cewa.

Abin da baƙo zai fara gani ba shi da yawa. Gidaje ne a warwatse, kowanne da filinsa, sai coci-coci, sai gonaki da dazukan itatuwa. Babu asibiti, babu babbar kasuwa. Mai son ganin likita ko shiga ofishin gwamnati sai ya nufi Camden, hedikwatar ƙaramar hukumar Wilcox, wadda ke tsallaken kogi. Wilcox kuwa tana cikin yankunan da suka fi talauci a jihar Alabama, kai har ma a Amurka baki ɗaya.

Sai dai a gefen hanya akwai wasu manyan alluna masu zane kala-kala, an kafa su kusa da gidajen wasu mata. Kowane allo hoton bargo ne da wata mata 'yar garin ta ɗinka da hannunta. Waɗannan barguna ne suka sa sunan ƙauyen ya shiga manyan gidajen adana kayan fasaha na New York da Landan, suka hau kan sarkin gidan waya, kuma suka jawo shari'a a kotu kan tambayar da har yau ba a gama amsa ta ba: wa ya kamata ya ci moriyar aikin?

Yadda ake haɗa bargon

Ba saƙa shi ake yi ba, ɗinka shi ake yi, kuma hawa uku ne. Akwai fuskar sama, wadda ake harhaɗawa da ƙyallaye. Akwai cikon tsakiya, wanda shi ke riƙe ɗumi. Sannan akwai shafin ƙasa. Idan an jera ukun sai a bi su da allura da zare, layi bayan layi, har su zama abu guda.

A zamanin da, matan Gee's Bend ba sa sayen ko ɗaya daga cikin ukun. Fuskar sama daga tsofaffin tufafi ake samo ta: wandon jins ɗin da maigida ya yi noma da shi har gwiwarsa ta ƙoƙe, rigar da yara suka gaji da gada daga wa zuwa ƙane, siket ɗin da ya yage. A farke ɗinkin, a yanke wurin da ya mutu, a ajiye wurin da ke da sauran rai. Cikon tsakiya kuwa ragowar auduga ce da ake tsintowa a gona bayan girbi ko a wurin gurza. Sai a baza ta a ƙasa a yi ta bugu da sanda har datti ya fita ta yi laushi. Shafin ƙasa sau da yawa buhunan taki ne ko na fulawa, a wanke su tas, a farke, a haɗa.

Aikin yana da lokacinsa. Daga shuka har zuwa cirar auduga, mace tana gona tare da mijinta tun safe har yamma. Sai an kammala girbi, sanyi ya fara shigowa, sannan ake ɗauko jakar ƙyallaye. Harhaɗa fuskar sama aikin mutum ɗaya ne, kowace mace tana yin nata a ɗakinta, yawanci da dare bayan an sallami yara. Amma haɗa hawa ukun aikin gayya ne. A ɗaure bargon a jikin wani firam na katako, mata huɗu ko biyar su zauna kewaye da shi, kowa da allurarta. Yau a gidan wannan, gobe a gidan waccan. Ana ɗinki ana hira, ana rera waƙoƙin coci, 'yan mata ƙanana suna gefe suna zura wa iyayensu zare a allura. A nan suke koyo, babu wanda ya zaunar da su ya ce ga darasi.

Dalilin duk wannan wahala sanyi ne. Alabama ba ta cikin jihohin da ƙanƙara ke rufewa, amma da hunturu dare kan yi sanyin da ruwa ke daskarewa. Gidajen mutanen garin a wancan zamani na gungumen itace ne, iska na shiga ta ko'ina, har sai an manna jaridu da shafukan mujallu a bango don toshe kafofi. Gidan da ke da 'ya'ya goma, wanda ba abin mamaki ba ne a lokacin, yana buƙatar barguna da dama, a jibga uku ko huɗu a kan gado ɗaya, a shimfiɗa wasu a ƙasa.

Shi ya sa ba kowace ce ta shiga ɗinkin don sha'awa ba. Loretta Pettway, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara a yau, ta sha faɗa cewa tana yarinya ba ta son ɗinki ko kaɗan, kakarta ce ta tilasta mata. Bargonta na farko tana 'yar shekara 11 ta haɗa shi.

Akwai salo-salo da kowa ya sani a garin. Akwai wanda suke kira “rufin ɗaki”, inda ake fara da ɗan ƙyalle murabba'i a tsakiya, a yi ta zagaye shi da dogayen ƙyallaye har ya kai girman gado. Akwai “mai jera bulo”. Akwai kuma wanda suka raɗa wa “malalaciya”, saboda dogayen yankuna kawai ake jerawa a tsaye a ɗinke. Sai dai abin da ya bambanta su da masu irin wannan ɗinki a sauran sassan Amurka shi ne ba sa bin salon sau da ƙafa. Mace za ta fara da rufin ɗaki, a tsakiyar aiki ta karkace, ta jefa jan ƙyalle inda ido bai zata ba, layi ya ɗan goce ta bar shi a haka. Su da kansu suna kiran wannan “yadda na ga dama”.

Wasu masu bincike na ganin kamanni tsakanin wannan jeri na dogayen yankuna da saƙar Afirka ta Yamma, inda masaƙi ke fitar da siririn ƙyalle a haɗa shi gefe da gefe, kamar yadda ake haɗa gwado ko luru a ƙasar Hausa. Wasu kuma na cewa siffar ƙafar wando ce kawai ta ba da dogon yanki. Idan aka tambayi matan, amsarsu ba ta wuce cewa a wurin uwa da kaka suka gani.

Wani lokaci bargon kan wuce maganin sanyi. A 1942, bayan rasuwar mijinta Nathaniel, wata mata mai suna Missouri Pettway ta tattara kayan da yake zuwa gona da su, ta farke, ta haɗa bargo da su don ta riƙa lulluɓa tana tunawa da shi. 'Yarta Arlonzia, wadda ta taya ta yanka kayan, ita ce ta ba da labarin shekaru da yawa bayan haka. Bargon yana nan har yau, da tabon ƙasar gona a jikin ƙyallayen.

Me ya sa kowa Pettway ne?

Mai karatu zai lura sunan Pettway yana ta maimaituwa. Ba wai duk dangi ɗaya ba ne.

Sunan garin ya samo asali ne daga Joseph Gee, wani farar fata daga jihar Carolina ta Arewa da ya kafa gandun auduga a wurin a 1816, bayi na yi masa noma. A 1845 gandun ya koma hannun wani ɗan uwan iyalan mai suna Mark Pettway. Shekara guda bayan haka ya taso da bayi kimanin 100 daga Carolina ta Arewa, suka yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, akasarinsu a ƙafa. Kamar yadda aka saba a lokacin, sunan ubangida aka ɗora wa bayin, shi ne jikokinsu ke amsawa har yau.

Da aka haramta bauta a 1865, yawancinsu ba su tafi ko'ina ba. Suka ci gaba da noma ƙasar da ba tasu ba, suna biyan haya da amfanin gona. Iri da taki da abincin da za a ci kafin kaka duk bashi ne daga ɗan kasuwa a Camden, a biya idan an sayar da auduga. Shekarar da farashi ya yi kyau a rage bashi, shekarar da ya faɗi a ƙara nutsewa.

A farkon shekarun 1930 tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, farashin auduga ya faɗi warwas. Ɗan kasuwar da ke ba mutanen Gee's Bend bashi ya mutu a 1932, magadansa suka ce a biya su. Aka turo mutane da kekunan doki suka bi gida-gida, suka kwashe alfadarai da shanu da aladu da kaji da garmuna da masara da dankali, duk abin da za a iya ɗauka, daga iyalai fiye da 60. Ana dab da shiga hunturu. Abin da ya hana mutane mutuwa da yunwa a wannan shekara shi ne 'ya'yan itatuwan daji da farauta da kifi, sai kuma garin masara da fulawa da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta kawo.

Wannan bala'i ne ya jawo hankalin gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt. A 1937 gwamnatin tarayya ta sayi filayen tsohon gandun, ta gina gidaje na katako masu tagogi, waɗanda har yau ake kira gidajen Roosevelt, wasunsu kuma suna nan tsaye. A wannan shekarar ce mai ɗaukar hoto na gwamnati Arthur Rothstein ya zo garin. A cikin hotunansa akwai na wata mata tana ɗinka bargo a keke, yara mata biyu na riƙe mata, bangon ɗakin duk jaridu.

Daga baya, a shekarun 1940, aka sayar wa iyalan filayen a kan bashi mai sauƙi. Wannan mataki ya fi kowane muhimmanci a tarihin ɗinkin garin, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. A sauran yankunan kudancin Amurka, da injin noma ya shigo, masu gonaki sun kori baƙaƙen fatar da ke musu aiki, iyalai suka watse zuwa birane. Mutanen Gee's Bend kuwa ƙasarsu ce, babu mai korarsu. Kaka da uwa da jika suka ci gaba da zama kusa da juna, hannu ya ci gaba da koya wa hannu.

Jirgin fiton da aka tsayar

Tsakanin Gee's Bend da Camden ta ruwa tafiyar mintoci ce. Shekara da shekaru akwai wani jirgin fito da ake ja da igiyar ƙarfe, shi ne ke kai mutane kasuwa da asibiti.

A farkon shekarun 1960 mutanen garin suka fara amfani da jirgin don wata manufa daban: zuwa Camden neman a yi musu rajistar zaɓe. A lokacin, duk da cewa baƙaƙen fata ne mafi rinjaye a ƙaramar hukumar Wilcox, babu ko mutum ɗaya daga cikinsu a kundin masu zaɓe. A 1962 hukumomi suka dakatar da jirgin. Ana danganta wa shugaban 'yan sandan yankin na wancan zamani wata magana, cewa ba don mutanen baƙaƙe ne aka rufe jirgin ba, sai don sun manta cewa su baƙaƙe ne.

Daga ranar, zuwa Camden ya koma zagaye na kusan sa'a guda a mota, fiye da kilomita 60, a garin da masu mota ba su da yawa. Mai naƙuda da wanda ciwo ya kama da dare duk wannan hanya za su bi.

Hakan bai sa sun janye ba. A watan Fabrairun 1965 Martin Luther King ya zo garin ya yi jawabi a cocin Pleasant Grove, makonni kaɗan kafin tattakin Selma, birnin da ke da nisan kimanin kilomita 50 daga wurin. Mata da yawa daga cikin masu ɗinkin sun shiga zanga-zanga, wasu sun kwana a tsare. A watan Agustan shekarar aka sanya hannu kan dokar da ta tabbatar wa baƙaƙen fata 'yancin zaɓe. Mutanen garin suna alfahari har yau cewa alfadarai biyun da suka ja keken da ya ɗauki gawar King a Atlanta a 1968 daga wurinsu aka samo su.

Jirgin fiton kuwa sai a 2006 ya dawo, bayan shekara 44. A tsakanin nan an gina madatsar ruwa a Millers Ferry, ruwanta ya cinye wani ɓangare na filayen noma mafi albarka, matasa da dama suka kama hanyar birane.

Daga igiyar shanya zuwa kasuwa

Karo na farko da bargunan suka kawo kuɗi yana da alaƙa da wannan gwagwarmaya. A ƙarshen 1965 wani limamin coci farar fata, Francis Walter, yana zagaya Wilcox yana tattara bayanan mutanen da aka kora daga gonaki ko aiki saboda sun yi rajistar zaɓe. A hanya ya hangi barguna a kan igiyar shanya, ya tsaya. Ya fara saye a kan dala 10 kowane ɗaya, kuɗin da ya ninka abin da ake ba matan a da, ya aika New York aka yi gwanjonsu, ribar ta dawo wa masu ɗinkin.

A 1966 aka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta Freedom Quilting Bee a Rehoboth, ƙauyen da ke maƙwabtaka da Gee's Bend, ƙarƙashin jagorancin Estelle Witherspoon. Mata da yawa a nan suka fara karɓar albashi a rayuwarsu. Da kuɗin aka sa wa gidaje famfo da banɗaki, aka sayi firji da injin wanki, aka tura yara makaranta.

Amma kasuwa tana da nata sharaɗi. Manyan kantuna irin su Bloomingdale's suna son kaya iri ɗaya, awo ɗaya, ɗinki a miƙe. Salon “yadda na ga dama” bai da gurbi a nan, wasu gwanayen ma an riƙa dawo musu da aikinsu ana cewa bai daidaita ba. Wato abin da duniya za ta zo tana yabo bayan shekara 30, shi ne a lokacin ake ɗauka a matsayin kuskure.

A 1972 ƙungiyar ta samu kwangila daga kamfanin Sears ta ɗinka rigunan matashin kai da wani yadi mai kauri da laushi, mai layi-layi. Aiki ne na maimaici, babu wata fasaha a ciki. Sai dai ragowar yadin da ake yankewa matan kan kwashe su kai gida, su raba wa 'yan uwa da maƙwabta. Daga wannan shara aka samu wasu daga cikin bargunan da suka fi kyau a tarihin garin, masu launin ja da ruwan zuma da kore irin na ganyen da ya fara bushewa.

Baƙon da ya zo da hoto a hannu

A ƙarshen shekarun 1990 wani mai tara kayan fasaha daga Atlanta, William Arnett, ya ga hoton wata mata a wani littafi, tana tsaye kusa da bargon da aka shimfiɗa a kan tarin itacen girki. Roland Freeman ne ya ɗauki hoton, matar kuma Annie Mae Young ce. Arnett ya bi sawu har ƙofar gidanta. An ruwaito cewa da farko ta yi zaton bargon yana cikin tsofaffin da ta ƙona kwanaki kaɗan kafin zuwansa, domin a garin ana ƙona tsohon bargo a kori sauro da hayaƙinsa. Da ta lalubo shi ta ce ya ɗauka kyauta. Ya ƙi, ya biya ta dubban daloli a kan shi da wasu.

Labari ya bazu cewa ga wani Bature yana sayen tsummokara da kuɗi mai kauri. Aka shiga zaro barguna daga ƙarƙashin katifa da cikin akwatuna. Arnett da 'ya'yansa suka sayi ɗaruruwa.

A 2002 aka baje kolin kimanin 70 daga ciki a gidan adana kayan fasaha na Houston, daga nan aka wuce da su gidan Whitney a New York. Mai sharhin fasaha na jaridar New York Times, Michael Kimmelman, ya sanya su cikin ayyukan fasahar zamani mafi ban al'ajabi da Amurka ta taɓa samarwa. Aka yi ta kwatanta su da zanen manyan masu zane na Turai, waɗanda matan ba su taɓa jin sunansu ba. Matan da kansu aka ɗebo su a bas zuwa wurin bikin, wasu suka tsaya gaban bargon da uwarsu ta ɗinka suna hawaye.

Daga nan yabo ya yi ta zuwa. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki guda 10 masu hoton bargunan, su ne aka zana a allunan da ke gefen hanyar garin. A 2015 Mary Lee Bendolph da Lucy Mingo da Loretta Pettway suka karɓi lambar girmamawa mafi girma da gwamnatin Amurka ke bai wa masu sana'ar gargajiya. A 2018, da aka buɗe zanen Michelle Obama, mai zanen Amy Sherald ta ce rigar da ke jikin uwargidan tsohon shugaban ta tuna mata da bargunan Gee's Bend.

Kura da shan bugu

Duk wannan suna bai sauya kamannin garin ba sosai. Masu zuwa yawon buɗe ido sukan yi mamakin ganin cewa matar da aikinta ke rataye a New York tana zaune a gidan da rufinsa ke yoyo.

Bayan baje kolin 2002 an riƙa buga zanen bargunan a jikin darduma da zannuwan gado da kofuna da sauran kayan sayarwa. A 2007 Annie Mae Young da Loretta Pettway suka shigar da ƙara, suna zargin iyalan Arnett da wasu kamfanoni da cin moriyar aikinsu ba tare da ba su haƙƙin da ya dace ba. Iyalan Arnett sun musanta, kuma mata da dama a garin sun goyi bayansu, suna cewa kafin zuwansu babu wanda ya ɗauki bargunan a bakin komai. An sasanta a 2008 ba tare da an bayyana sharuɗɗan ba.

Ko babu kotu, lissafin a fili yake. Mai ɗinki sau ɗaya take sayar da bargonta. Idan ya shiga hannun dillalai farashinsa na iya ninkawa sau da yawa, ya kai dubun-dubatar daloli, kuma dokar Amurka ba ta tilasta a ba mai aikin ko sisi daga cinikin da ya biyo baya ba. Waɗanda suka sayar da nasu tun kafin a san darajarsu, da waɗanda suka rasu kafin 2002, su ne suka fi yin asara.

An ɗan fara gyara. Tun 2003 matan suka kafa ƙungiyarsu ta masu ɗinki a cikin garin, inda ake raba kuɗin ciniki tsakanin mai bargon da asusun ƙungiya. Gidauniyar Souls Grown Deep, wadda Arnett ya kafa kafin rasuwarsa a 2020, ta riƙa miƙa bargunan ga manyan gidajen adana kayan fasaha, ciki har da Metropolitan na New York. Ta kuma ɗauki alƙawarin bai wa masu aikin kashi 5 cikin 100 na kuɗin da aka samu idan ta sayar da aikinsu, tana taimaka musu da magadansu wajen tabbatar da haƙƙin mallakar zanensu, ta yadda kamfanin da ke son buga shi a riga sai ya nemi izini ya biya.

A 2021 wasu daga cikin matan suka buɗe shagunansu a dandalin Etsy na intanet. Kafin nan mai son saye kai tsaye daga hannunsu sai ya tako har garin, ko ya bi ta hannun dillali. Yanzu mace na iya ɗaukar hoton bargonta da waya, ta sa farashin da ta ga dama, kuɗin ya shigo asusunta. Matsalar ita ce intanet ɗin yankin ba shi da ƙarfi, kuma yawancin gwanayen tsofaffi ne, sai 'ya'ya da jikoki sun taya su.

Garin a yau

Ba a ƙara ɗinka bargo don tsoron sanyi a Gee's Bend. Gidaje na da wutar lantarki da na'urar ɗumama ɗaki, kuma yadi sabo ake saye ko a samu kyauta daga masoya, ko da yake wasu tsofaffin har yanzu sun fi son tsohon wandon jins, suna cewa ya fi daɗin allura. Yawancin masu ɗinkin sun manyanta. Jikokinsu da yawa suna Mobile da Birmingham da Atlanta, wasu ma har Bridgeport a jihar Connecticut, inda 'yan garin suka daɗe suna zuwa neman aiki. Akwai waɗanda ke ɗinkin a can cikin birni, suna kuma kiran kansu masu ɗinkin Gee's Bend, tunda a hannun kakanninsu suka koya.

A ɗakin ƙungiyar masu ɗinki, baƙo zai iya tarar da mata a zaune gaban firam, barguna a ninke a kan kanta har sama, kowanne da sa hannun mai shi a kusurwa. Wasu kan tafi wasu jihohi koyar da ɗinki, inda mata fararen fata ke biyan kuɗi don a koya musu yadda za su daina auna komai da ma'auni.

Tsohuwar al'adar shanya barguna a rana, wadda a da ake yi don a kori warin ajiya, kowace mace kuma ta saci kallon aikin maƙwabciyarta, yanzu ta zama biki. A watan Oktoba ake yin sa. A ɗaura igiyoyi a gaban gidaje, a rataya barguna a kan shinge da baranda, baƙi su yi ta yawo daga wannan gida zuwa wancan suna ciniki da masu aikin baki da baki.

Da yawa daga cikin baƙin ta ruwa suke zuwa daga Camden. A 2019 an sauya wa jirgin fiton inji, ya zama na farko a Amurka mai ɗaukar motoci da fasinja da ke aiki da lantarki zalla. Yana tsallaka kogin sau da dama a rana, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba.